Yadda za ka ɗaga OpenZFS zuwa 2.3 ba tare da kanel ya rufe maka diskinka ba

Assalamu alaikum jama'a, musamman 'yan uwa masu riƙe da saba a nan Sakkwato, ko ta shagon buga takardu ce ko ta makaranta ko ta ɗakin shan magani, har da masu ɗaukar bidiyon biki da wa'azi da kullum diski ke cika musu. Maganar OpenZFS 2.3 nake son mu yi, sabuwar sigar ZFS, manhajar da ke tsara yadda fayiloli ke kwance a diskoki, don tun da ya fito a watan Janairun 2025 mutane ke zumuɗin abu ɗaya cikinshi, wato ka iya ƙara diski guda ɗai a kan RAIDZ ɗinka, rukunin diskokin nan da ke kare bayani in ɗaya ya mutu, ba sai ka rushe komai ka sake gini ba, kuma wallahi abin ya kai a yi zumuɗinshi. Amma aikin na da jeri kuma jerin ne ke tsare mutum, ZFS ne ke gaba, kanel, wato zuciyar Linux, na biye da shi, shi kau umarnin zpool upgrade shi ne na can ƙarshe, bayan kwanaki, ba ranar da ka yi ofdet ba.

Bari in faɗi dalili don wanda ya gane dalilin ba ya buƙatar haddace umarni. ZFS an fara shi ne a kamfanin Sun Microsystems a 2001, Jeff Bonwick da Matt Ahrens ne sunka jagoranci aikin, anka sake shi ga jama'a cikin OpenSolaris a 2005 da lasisin CDDL. Oracle ta sayi Sun a 2010 ta rufe nata ɓangaren, masu son abin ya zauna a buɗe sunka ci gaba da nasu har anka kafa OpenZFS a 2013. To shi Linux lasisinshi GPL ne, kuma masu kula da kanel na ganin lasisin nan biyu ba su haɗuwa, shi ya sa ext4 da XFS da Btrfs suna cikin kanel ana gyara su tare da shi, ZFS kau na waje, mojul ne da ake ginawa daban a liƙa. Kuma kanel bai taɓa yi ma kowa alkawarin cewa kayan cikinshi za su zauna yadda suke ba, kusan duk sati tara ko goma ake fitar da sabo, a canza sunan wani abu a cire wani, mojul ɗin da ke waje sai masu shi sun bi sun gyara. Abin awa ɗinki ne, tela ya auna mutum ya ɗinka mishi riga, in ka kawo wani mutum daban sai an sake awo, kowane kanel sai an gina mishi nashi mojul. DKMS shi ne ke wanga ginin da kanshi duk lokacin da sabon kanel ya shigo, in ginin ya faɗi kuma kai ba ka lura ba ka sake kunna na'ura, sai ta tashi babu ZFS sam.

Don haka kafin ka taɓa komai buɗe taminal ka san inda kake tsaye.

uname -r
zfs version

Na farko zai ba ka lambar kanel, na biyu layi biyu zai fito da su, ɗaya na kayan umarni ɗaya mai kmod na mojul ɗin da ke aiki yanzu cikin kanel. Ka rubuta su a takarda ko ka ɗauke su hoto da waya, za ka neme su in abu ya rikice.

Sai ka duba iyakar da sigar da kake so ta yarda da ita. Kowace siga ta OpenZFS na zuwa da fayil mai suna META, cikinshi akwai layin Linux-Minimum da layin Linux-Maximum, kuma a shafinsu na GitHub wurin sanar da sabuwar siga ana rubuta wanga abin a sama ƙarara. Ga 2.3.0 iyakar daga 4.18 ce zuwa 6.12. Ita 4.18 saboda RHEL 8 da danginshi ne da ke kanta har yanzu, 6.12 kuma kanel ne na dogon zango da ya fito Nuwamban 2024. Ƙananan sigogin da ke biyo baya su ne ke ɗaga rufin kaɗan kaɗan, 2.3.1 ta kai 6.13, 2.3.2 ta kai 6.14, 2.3.3 ta kai 6.15, 2.3.4 ta kai 6.16, ka ga kenan cewa "ina da 2.3" bai isa ba sai ka faɗi lamba ta uku. In DKMS kake amfani da shi kana iya gani a na'urarka:

grep Linux /usr/src/zfs-*/META

In kanel ɗinka ya wuce lambar sama, tsaya nan. Akwai wani zaɓi na --enable-linux-experimental da ke tilasta ginin a kan kanel da ba a gwada ba, za ka ga ana ba da shawararshi a intanet, ni dai ban yarda a sa shi kan na'urar da ke riƙe da sakamakon jarabawar ɗalibai ko bidiyon auren mutane ba, an yi shi ne don masu gwaji su nemo matsala, kuma ginin ya wuce lafiya ba shi ne ke nuna rubutu a diski zai tahi daidai ba.

Yadda abin ke shafarka ya danganta da irin Linux ɗinka. Mai Proxmox ko TrueNAS hankalinshi kwance, su ke haɗa kanel da ZFS tare su gwada su turo, Proxmox VE 9 da 2.3 ya zo, abin da ɗai ake so gare ka kar ka ɗora wani kanel na waje. Ubuntu ma tun 16.04 mojul ɗin na zuwa a gine cikin kayan kanel, 24.04 ya zo da kanel 6.8 da ZFS 2.2.2, kuma in kana kan kanel na HWE, wato sabon kanel da Ubuntu ke turo ma tsohuwar siga, kana iya ganin layin kmod ya fi na kayan umarni lamba, wanga ba ɓaci ba ne, sai dai sabbin umarni ba za ka same su ba sai kayan umarnin sun ɗaga su ma. Debian 12 kanel 6.1 ne da ZFS 2.1.11 daga ma'ajin contrib ta hanyar DKMS, Debian 13 da ya fito Agustan 2025 kanel 6.12 ne da 2.3, wanga haɗin ya zauna daram kuma shi nake ba duk mai sabon gini shawara. Inda kuka yake shi ne Fedora da Arch, don su kanel na fita da ɗan lokaci kaɗan sun turo maka, sau da yawa kafin OpenZFS ta cim mashi. A Arch ka koma linux-lts da linux-lts-headers, amma ka sani shi ma yana tsalle in anka zaɓi sabon kanel na dogon zango. A Fedora ka sa kalmar zfs cikin fayil a /etc/dnf/protected.d don kar dnf ya cire maka shi garin shigo da sabon kanel. Gaskiya in saba ce ta ajiya ba ta wasa ba, ban ga mi zai kai mutum Fedora ko Arch ba.

To yanzu shiri. Fara da lafiyar zpool ɗin, wato rumbun da ya haɗa diskokin, zan kira nawa tank a misalai kai ka sa sunan naka.

zpool status -v tank
zpool scrub tank

Ka bar sikirob ya ƙare tukuna, shi ne ke karanta kowane bulok ya gwada da cekisom ɗinshi, lambar da ke nuna ko bayanin ya lalace. In ka ga lamba ba sifili ba a READ ko WRITE ko CKSUM, ko kalmar DEGRADED, ba ranar ofdet ba ce, ranar canza diski ko kebul ce. Kuma a garin ga dole a yi maganar zafi, watan Afrilu da Mayu muna wuce digiri 40 a inuwa, sikirob kau awanni yake yi diskoki na juyawa ba hutu, saba tana ƙarƙashin tebur a shago mai rufin kwano, ga ƙurar hunturu da ta toshe fanka tun watan Janairu ba a hure ba. Yawancin diskoki masu juyawa iyakar da masu ƙera su ke rubutawa digiri 60 ce ko ƙasa da haka, don haka ka hure ƙurar, ka fara aikin da dare ko bayan asuba, ka riƙa leƙa zafin da smartctl -A /dev/sda, in ya doshi 50 ka dakata da zpool scrub -p tank ka kunna fanka, daga baya ka ci gaba daga inda ya tsaya.

Sai kwafi. Sinafshot, wato hoton yadda bayani yake a wani lokaci, in a cikin rumbu ɗaya yake ba kwafin ajiya ba ne, in rumbun ya ƙi buɗewa da shi da sinafshot ɗin duk suna ciki. Ka samo diski na waje mai isasshen wuri ka yi mishi nashi rumbu ka tura:

zfs snapshot -r tank@kafin-ofdet
zfs send -R tank@kafin-ofdet | zfs receive -F waje/tank
zpool export waje

Ka cire shi daga soket ka ajiye a wani ɗaki. Na san diski na da tsada yanzu, amma ko aro ne ka yi na sati guda, ko ka zaɓi abin da ba a iya sake samowa ka tura shi kaɗai.

Maganar wuta kuma, ZFS kanshi na jure ɗauke wuta don ba ya rubutu a kan tsohon bayani, sabon wuri yake rubutawa sannan ya juya alama, to amma apt da DKMS da ginin initramfs, ɗan fayil ɗin da kanel ke tashi da shi, ba su da wagga kariya, in anka ɗauke wuta ana tsakiyar gini kana iya tashi da rabin abu. Ka tabbatar batirin inbata ya cika ko janareta na da mai, masu sola kuma ku yi wanga ɓangaren da hantsi lokacin da rana ke caji, shi ba ya ɗumama diski awa sikirob. In netwok ɗinka mai yankewa ne ka sauke kayan duka tukuna da apt install --download-only, ko da datar dare, sannan ka girka ba tare da jiran intanet ba.

Ga aikin kanshi, da Debian zan yi misali. Riƙe kanel tukuna don kar abu biyu su canza rana ɗaya, in matsala ta fito ka san mai laifi:

apt-mark hold linux-image-amd64 linux-headers-amd64
apt policy zfs-dkms

Na biyun zai nuna maka sigogin da ke akwai da inda za su fito. In Debian 12 ne ka ƙara ma'ajin bookworm-backports tare da contrib, sannan

apt install -t bookworm-backports zfs-dkms zfsutils-linux

in tushen na'urar kanshi a kan ZFS yake ka haɗa da zfs-initramfs. Ka lura, ZFS ɗai kake jawowa daga can, kar ka ce apt upgrade -t bookworm-backports don wannan zai kwaso maka har da sabon kanel in ba ka riƙe shi ba. Ka zauna ka kalli allo yadda rubutu ke wucewa, kar ka tahi shan shayi, don in ginin ya faɗi a nan zai faɗa maka kuma layi biyu ne da ke saurin ɓacewa sama. Abin da ya fi kada ginin shi ne rashin hedas na kanel, fayilolin da ake gina mojul da su, apt install linux-headers-$(uname -r) ke gyara shi, sai cikar wuri a /boot ko a /var.

Kafin ka sake kunnawa, wanga matakin shi ne wanda ba a tsallakewa ko ana kiranka a waya:

dkms status

Dole ka ga sabuwar sigar zfs da lambar kowane kanel da ke na'urar da kalmar installed a ƙarshe. In added ka gani ko built kaɗai, ko babu layin kanel ɗin da za ka tashi da shi, kar ka yi ribut. Je ka karanta make.log a cikin /var/lib/dkms/zfs ƙarƙashin lambar sigar, kuskuren farko shi ne na gaske sauran duk 'ya'yanshi ne. In Secure Boot na kunne akwai ƙarin abu, kanel ba zai ɗora mojul da ba a sa ma hannu da makullin da na'urar ta sani ba, DKMS na ƙirƙiro makulli, kai za ka shigar da shi da mokutil --import /var/lib/dkms/mok.pub ka sa kalmar sirri, in ka sake kunnawa wani shuɗin allo zai fito ya tambaye ka, kuma sai kana gaban na'urar da kibod, ba a yin shi daga nesa. Masu tushe a kan ZFS ku ƙara update-initramfs -u -k all. Kuma kar ka yi apt autoremove yanzu, tsohon kanel shi ne hanyar komawarka.

Yi ribut, sake zfs version, layi biyun su nuna 2.3, zpool status ya nuna komai ONLINE, buɗe fayiloli kaɗan ka gani. In kana son ɗaga kanel ma, sai bayan kwana biyu ka cire riƙon da apt-mark unhold, ka sake duba META, ka sake duba dkms status, haka za ka riƙa yi duk lokacin da kanel zai canza.

Yanzu zpool status zai fara nuna maka saƙo cewa akwai ficoci, wato sabbin abubuwan da ZFS ya zo da su, da ba a kunna ba a rumbun, ka yi zpool upgrade. Saƙon nan na jan hannu ƙwarai, mutum na ganin awa aiki bai kammala ba, alhali rumbunka zai yi aiki lafiya lau da sabuwar manhaja ko shekara nawa ba tare da shi ba. Ofdet ɗin manhaja ana komawa baya, shi kau wanga yana taɓa yadda bayani ke kwance a diski ne. Kowace fica na da hali uku, disabled da enabled da active, duba su da zpool get all tank | grep feature@. Wadda ke enabled an ba ta izini amma ba ta canza komai ba tukuna, tsohuwar manhaja na iya buɗe rumbun. Da zarar ta koma active, manhajar da ba ta san ta ba ko dai ta buɗe rumbun don karatu kaɗai ko ta ƙi buɗewa gaba ɗaya, kuma raidz_expansion na cikin masu hana buɗewa gaba ɗaya, in ta zama active ba ta komawa.

Ka yi tunanin filashin ceto da ke aljihunka. In Ubuntu 24.04 na fitowar farko ne a kai, ZFS 2.2 ke ciki, ranar da saba ta ƙi tashi ka sa filashin don ka kwashe kaya sai ya ce bai san wanga rumbun ba, ga bayaninka lafiya lau amma ba ka da mabuɗi, kuma sauke sabon ISO mai gigabait da yawa a ranar da kwastoma ke tsaye a kanka ba ƙaramin tashin hankali ba ne. Don haka kafin ka kunna kowace fica ka haɗa filashi mai 2.3 ka gwada shi ya ga rumbun da zpool import, haka in kana tura kwafi zuwa wata na'ura ita za ka fara ɗagawa. In kana da ƙaramin rumbun da GRUB, manhajar da ke tada Linux, ke tashi daga gare shi, wanda ake yawan kira bpool, shi kar ka taɓa yi mishi upgrade, GRUB ficoci kaɗan ya sani, ka ɗaure shi da zpool set compatibility=grub2 bpool. Wagga dabarar ta compatibility tun 2.1 take, jerin sunayen na cikin /usr/share/zfs/compatibility.d, kana iya ɗaure kowane rumbu a kan sigar da kake so ko da wani ya zo ya buga upgrade bisa kuskure ba zai wuce nan ba.

Akwai kuma dalilin tarihi na yin haƙuri. Lokacin da 2.2.0 ya fito a Oktoban 2023 da ficar block cloning, cikin makonni anka gano fayiloli na iya lalacewa wurin kwafi a wani yanayi, bincike ya nuna tsohon kuskure ne da ya daɗe a ɓoye sabuwar ficar ta sa ya fi fitowa, 2.2.1 ta kashe ficar, 2.2.2 da 2.1.14 sunka gyara tushen. An gyara da sauri kuma a fili kowa na gani, wanga na cikin abin da ke sa na yarda da aikin, amma darasin da na ɗauka shi ne siga mai sifili a ƙarshe ba ta sabar da abincin mutum ke kanta ba ce, ka nemi ta baya bayan nan cikin jerin 2.3.

Ni shawarata ma kar ka yi upgrade na gaba ɗaya, kunna wadda kake buƙata ɗai:

zpool checkpoint tank
zpool set feature@raidz_expansion=enabled tank

Cekfoyin na riƙe hoton rumbun duka yadda yake, in ka yi nadama ka yi export ka dawo da zpool import --rewind-to-checkpoint tank, sai dai duk abin da ka rubuta bayanshi zai tahi, kuma yana cin wuri in ya daɗe. Ba a ƙara diski yana nan, don haka in ka natsu ka cire shi da zpool checkpoint -d tank kafin mataki na gaba.

To ga abin da kowa ke jira. Sabon diskin ya zama girmanshi ya kai na ƙaramin da ke ciki, ka gwada shi da smartctl -t long tukuna musamman in na hannu ne ka sayo a kasuwa, ka nemo sunanshi na dindindin a /dev/disk/by-id don sda da sdb na musanya wuri bayan ribut. Duba sunan rukunin a zpool status, zai zama awa raidz1-0 ko raidz2-0, sannan

zpool attach tank raidz1-0 /dev/disk/by-id/sunan-diskin

Don Allah ka karanta layin sau biyu kafin ka danna, attach ne, ba add ba. In ka rubuta zpool add diskin zai shiga a matsayin rukuni mai zaman kanshi marar kariya, bayani ya fara rarrabuwa a kanshi, in ya mutu rumbun duka ya tahi, kuma a rumbun da ke da RAIDZ ba a iya cire shi, sai rushewa da sake gini. ZFS zai yi maka gargaɗi cewa matakin kariya bai dace ba, in ka ga wanga gargaɗin kar ka sa -f don ka wuce shi.

In ya fara, zpool status zai riƙa nuna yadda yake tahiya, ana iya ci gaba da aiki da rumbun, in an ɗauke wuta ko ka yi ribut zai ɗora daga inda ya tsaya, in wani diski ya mutu a tsakiya zai dakata sai ka canza shi. Yana iya ɗaukar yini ko kwanaki gwargwadon cikar rumbun, in ya ƙare kuma sikirob zai biyo da kanshi, don haka maganar zafi da fanka ta dawo nan ma, in da hali ka bari sai damina ko sanyi.

Wurin da za ka samu ba zai kai lissafin da ke kanka ba, gara ka sani tun yanzu. Ce kana da diski 3 masu 4TB a RAIDZ1, kowane bayani kashi biyu ne da kashi ɗaya na kariya, wurin amfani kusan 8TB. Ka riga ka zuba 6TB, a zahiri ya ci 9TB na jikin diskokin. Ka ƙara na huɗu jimla ta zama 16TB, tsohon bayanin an baje shi ne a kan diski huɗu amma da tsohon rabonshi na biyu da ɗaya, har yanzu 9TB yake ci, saura 7TB, shi ne sabon bayani zai shiga da rabon uku da ɗaya, wato kusan 5.25TB. Jimla 11.25 kenan maimakon 12 da sabon gini zai ba ka. Ƙari a kan haka zfs list na ci gaba da lissafi da tsohon rabon, sai ya nuna maka wuri ƙasa da wanda ke akwai, ba ɓata ya yi ba. In kana son tsohon bayani ya koma sabon rabo sai an sake rubuta shi, daga 2.3.4 akwai umarnin zfs rewrite na wanga aikin, amma in akwai sinafshot da ke riƙe da tsofaffin bulok wuri zai ƙaru ne maimakon ya ragu sai ka goge su. Kuma RAIDZ1 na nan a RAIDZ1, diski ɗaya ɗai zai iya mutuwa ko sun zama shida, ba a mayar da shi RAIDZ2 ta wagga hanya, ni in ya kai huɗu ko biyar da manyan diskoki ba na ƙarawa, gara a tara kuɗi a sake gini da kariya biyu.

Sauran sabbin abubuwan, wanda ya fi shafarmu a ganina shi ne dogon suna. Da iyakar sunan fayil bait 255 ne, ba harafi ba bait, kuma harafin Larabci bait biyu yake ci a UTF-8, kowane wasali ma biyu, haka ƙ da ɗ da ɓ namu. Masu sikanin littattafan Shehu Usmanu da Abdullahi na Gwandu da Sarkin Musulmi Bello da waƙoƙin Nana Asma'u na ajami, ko masu ajiye karatun tafsiri da sunan malami da masallaci da sura da kwanan wata duk cikin sunan fayil, sun san yadda suna ke yankewa a wajen harafi ɗari da ashirin da wani abu. Yanzu in ka kunna ficar longname a rumbu ka yi zfs set longname=on tank/littattafai iyakar ta koma 1023. Sai dai ext4 na nan a 255, ranar da za ka kwafa ma wani a diski na waje ko ka tura wata na'ura fayilolin nan za su ƙi, ga shi ita ma fica ce mai hana tsohuwar manhaja buɗe rumbu, don haka in ba dole ba ka gajarta sunan ka sa bayanin a wani fayil gefe.

Fast dedup, wato dabarar ajiye bayanin da ya maimaitu sau ɗaya ɗai, an sake gina shi ya rage nauyi, har ana iya sa ma teburinshi iyaka da dedup_table_quota, amma bidiyo da hoto ba su maimaita kansu, ba abin da zai rage maka sai cin RAM, compression=lz4 ko zstd ya ishe ka. Direct IO na masu NVMe da manyan databes ne, bar shi a standard yadda ya zo. JSON kau na da daɗi ga mai rubuta sikirif, zpool status -j ka haɗa da jq, cikin layi kaɗan ka sa saba ta turo maka saƙo a Telegram in diski ya fara ciwo, kuma shi ba ya buƙatar kunna komai a rumbu.

In kau ka riga ka faɗa, ka kunna na'ura ta ce ba a ɗora mojul na ZFS ba ko foldojin sun fito wayam, ka kwantar da hankali bayaninka na nan a diski ba abin da ya taɓa shi. Kar ka yi zpool create, kar ka yi fomat, kar ka bari wani ya sa diskin a Windows ya danna initialize. Sake kunnawa ka riƙe Shift ko ka danna Esc don GRUB ya fito, shiga Advanced options ka zaɓi tsohon kanel ɗin da ka rubuta a takarda, rumbun zai dawo. Daga nan ka girka hedas na sabon kanel ka gwada dkms autoinstall -k da lambarshi, in make.log ya nuna kanel ɗin ya wuce iyaka ka cire shi ka riƙe tsohon da apt-mark hold har sigar da ta san shi ta fito. In babu tsohon kanel ka tashi da filashin ceto, zpool import kaɗai zai lissafo abin da ya gani, ka fara buɗewa don karatu da zpool import -o readonly=on -R /mnt tank, in ya ce wata na'ura ce ta yi amfani da shi ƙarshe kuma ka tabbata ba wata na'urar da ke riƙe da shi yanzu sai ka ƙara -f, ka kwashe abin da ya fi muhimmanci tukuna kafin ka fara gyara, in ka gama ka yi zpool export tank kafin ka cire filashin.